Turancin Jarrabawa da Hanyar da Ake Bi a Same Shi

A kowace shekara, idan damina ta yi tsakiya, gero ya fara fid da kai, hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma kuma ta saki sakamakon 'yan ajin ƙarshe na sakandare, akan sami gidaje masu yawa a ƙasar nan waɗanda murnarsu ba ta cika ba, domin ga yaro ya ci Lissafi, ya ci Kimiyya, ya ci Hausa da darasin Addini da daraja mai kyau, amma da aka gangaro kan layin Turanci sai aka tarar da D7, ko E8, ko ma F9 ɗungurungum. Ƙa'idar shiga jami'a kuwa sananniya ce ga kowa: sai da kiredit biyar, Turanci yana cikinsu ko wane fanni mutum yake nufin karantawa, mafi ƙanƙantar kiredit kuma ita ce C6. Saboda haka matakin nan guda da ke tsakanin C6 da D7 ya isa ya zaunar da ɗalibi mai hazaƙa a gida shekara guda cur, ya sa mahaifinsa ya sake fita neman kuɗin rajista, ya sa yarinyar da ta ɗora rai a kan aikin likita ta fara jin ana zancen aurenta a tsakar gida. Al'amarin da ya kai wannan nauyi ya cancanci a zauna a dube shi da natsuwa.

Ita wannan hukuma, wadda kowa ya fi sani da WAEC, ta girmi 'yancin kan Nijeriya. An kafa ta a 1952, bayan rahoton da Dokta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan ya rubuta a 1950, domin ta karɓi aikin da hukumomin jarrabawa na Ingila suke yi wa Nijeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da ake kira Ghana a yau. Laberiya ta shigo cikinsu a 1974. Daga baya gwamnatin Nijeriya ta kafa tata ta kanta, watau NECO, a 1999, mazauninta a Minna. Sa'an nan ga JAMB, wadda tun 1978 take tsaye a ƙofar jami'a. Duk ukun nan sun yi ittifaƙi a kan hukunci guda, shi ne cewa Turanci farilla ne a kan kowane ɗalibi, ba ya faɗuwa daga kansa da wani uzuri.

Bisa manhajar da WAEC ta buga, jarrabawar Turanci takarda uku ce. Ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa, waɗanda yara ke kira canki-canka, rabinsu a kan lugga, watau sanin kalmomi da ma'anoninsu, rabi kuma a kan nahawu, a cikin awa guda, makinsu 40. Ta biyu awa biyu ce, makinta 100, an kasa shi uku: insha'i na kalmomi 450 yana da 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ta uku tambayoyi 60 ne a kan furucin sautuka, a cikin minti 45, makinsu 30. Tsarin NECO bai yi nisa da wannan ba. To, wanda ya haɗa lissafin zai ga jimlar maki 170 ne, daga ciki kuma 100 suna inda babu A, B, C, D da za a canka, sai abin da ɗalibi ya karanta ya gane, ya kuma rubuta da alƙalaminsa. Abin mamaki shi ne galibin muraja'ar da yara suke yi a watannin ƙarshe a kan ɓangaren canki-cankan take ƙarewa, domin shi ne mai sauƙin yi a zaune cikin abokai, shi ne kuma amsarsa take a bayan littafi.

A nan ya dace mu waiwayi wata hanya da muke da ita a gida, wadda aka yi ƙarnoni ana koyon baƙon harshe da ita, ita ce hanyar makarantun zaure. Ɗalibi yakan durƙusa gaban malam, ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, ya ja yankin jimla guda da Larabci, malam ya fasa masa shi da Hausa, ya ja na gaba, a sake fasawa, har malam ya ga darasi ya isa. Sai ya koma gefe ya yi ta maimaitawa shi kaɗai ko tare da wani da ya riga shi, gobe kuwa kafin a ƙara masa sai ya biya na jiya. Haka zai bi Iziyya, ya bi Risala, ya ɗanɗana Ishiriniya, kunnensa yana cika da Larabci, harshensa yana sabawa da shi, tun kafin ya zauna wa nahawu sosai. Ranar da aka buɗe masa Ajuruma, ɗan ƙaramin littafin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, aka ce masa ga fa'ili ga maf'uli, ga abin da ake yi wa rufu'a ga abin da ake yi wa fataha, ba a kan sarari ƙa'idar take faɗowa ba, tana tarar da ɗaruruwan jimlolin da ya riga ya biya, sai kawai ta ba su suna. Daga nan ne zai hau Alfiyyar Ibn Malik mai baiti wajen dubu, ya shiga Muƙamomi hamsin na Hariri domin lugga, idan Allah ya nufe shi da nisa ya kai ga Bahrul Muhiɗi da Hisnur Rasini na Malam Abdullahi na Gwandu, ɗaya a nahawu ɗaya a sarfu. Ra'ayina a cikin wannan mas'ala shi ne abin da ya fi cutar 'ya'yanmu a Turanci juya wannan tsari da aka yi: ana ɗora musu ƙa'ida a kan kan da babu nassi a cikinsa, yaro ya haddace ta'arifin aikatau da na bayanau tun yana aji huɗu na firamare, alhali bai taɓa karanta littafin labari guda na Turanci daga bango zuwa bango ba.

Ba na cewa hanyar zaure ba ta da naƙasu. Kowa ya san akwai wanda zai fassara maka Risala tas, amma idan aka ce ya rubuta wasiƙa ta shafi guda da Larabci sai gumi ya karyo masa, saboda an horar da shi a kan karatu, ba a horar da shi a kan insha'i ba. Jarrabawar Turanci kuwa tana neman duka biyun. Amma dai asalin nan na cewa nassi ne gaba, ƙa'ida tana biye, kuma ba a ƙara darasi sai an biya na baya, asali ne ingantacce.

Nahawun da ake tambaya a jarrabawa ba teku ba ne. Wanda ya jera takardun shekaru goma ya duba zai ga babobi ƙalilan ne suke ta dawowa, watau dacewar aikatau da mai aikatawa, da lokutan aikatau, da 'yan ƙananan haruffan nan na jarra irin su “in” da “on” da “at”, da wakilan suna, da 'yar tambayar da Bature kan liƙa a wutsiyar jimla, da maida zancen wani a bakin mai ba da labari. Ɗalibi Bahaushe kuma kurakuransa ba barkatai suke ba, suna da tushe, tushen kuwa shi ne harshen da ya sha a nono, wanda yake da nasa tsari cikakke, yake kuma jan alƙalami zuwa gare shi ba tare da mai alƙalamin ya sani ba. Mu a Hausa lokaci yana rataye ne a jikin wakilin suna: ya tafi, zai tafi, yakan tafi, aikatau yana nan yadda yake. Bature kuwa aikatau ɗin yake murɗawa, ya ce “go”, ya ce “went”, ya ce “gone”. Shi ya sa yaro zai fara labarinsa daidai a jimlar farko, ya sa aikatau a shuɗaɗɗen lokaci, amma kafin ya kai tsakiyar shafi ya koma rubuta shi tsirara, domin a ransa ya riga ya faɗi cewa jiya abin ya faru, me kuma ya rage? Haka nan muna cewa shekara goma, naira ɗari, buhu bakwai, suna yana tilo tun da adadi ya riga ya bayyana yawa, Turanci kuwa ba ya yafe harafin jam'i a nan. Ga kuma “a” da “the” waɗanda ba su da takwara sak a wurinmu, ga sunaye irin su “advice” da “information” da “furniture” waɗanda Bature ya ƙi yi musu jam'i, alhali mu muna da shawarwari da bayanai ba tare da wata damuwa ba.

Akwai wata guda da take ba ni dariya, ta kuma ci wa yara maki ba kaɗan ba. Idan aka tambayi Bahaushe, “Ba ka ci abinci ba?” shi kuwa bai ci ba, sai ya ce, “I, ban ci ba,” yana gaskata mai tambaya. Bature a wannan wuri “no” yake cewa, domin shi da aikin yake magana, ba da mai tambayar ba. Kazalika kalma guda ta ishe mu a aro, da mai bayarwa da mai karɓa duk daga tushe ɗaya suke ɗebowa, shi kuwa ya raba su gida biyu, “lend” da “borrow”. Muna shan magani, shi yana ɗaukarsa. Muna jin wari, shi ba ya ji sai da kunne. Malamin da ya san waɗannan wurare ya tsaya a kansu, ya jera jimlar Hausa da ta Turanci kafaɗa da kafaɗa a kan allo har yara su ga inda hanya ta rabu, ya fi wanda ya hana Hausa a aji ɗungum ya sa tara a kan mai yin ta, domin tarar tana rufe bakin yaro ne kurum, cikin kansa kuwa da Hausa yake ta lissafi.

Sai lugga, wadda ita ce jarin mai karatu. Manhajar ta ambaci fannonin rayuwa da za a ɗebo kalmomi daga cikinsu, irin su noma da gini da kiwon lafiya da shari'a da banki da sufuri da wasanni, ga kuma kalmomi masu kusancin ma'ana da masu kishiyantar juna, da maganganun azanci waɗanda ma'anarsu ba ta fitowa daga kalmominsu ɗaya-ɗaya. Wasu ɗalibai sukan ɗauki ƙamus su fara hadda daga baƙin farko, himma ce abar yabo, sai dai ban ga wanda ta kai ba. Masana koyar da harsuna sun yi bincike a kan wannan. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington ya nuna cewa mai karatu ba ya sakewa da nassi shi kaɗai sai ya san kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmominsa, watau baƙuwar kalma guda a cikin kowace hamsin, kuma karanta littattafai da jaridun Turanci a kan wannan sharaɗi yana bukatar tushen kalmomi tsakanin 8,000 da 9,000. Wannan adadi ba ya haddatuwa a wata uku. Haɗuwa da kalma sau da yawa, a jimloli dabam-dabam, ita ke zaunar da ita, har mutum ya san da wace kalma take tafiya, da wace ba ta tafiya, wanda shi ne ainihin abin da mai jarrabawa yake gwadawa idan ya bar gurbi ya jera kalmomi huɗu masu kama da juna.

An ma taɓa gwada abin a aikace. A 1980, a ƙasar Fiji, Warwick Elley da Francis Mangubhai suka zaɓi waɗansu makarantun firamare na karkara, inda yara ke koyon Turanci a matsayin baƙon harshe kamar namu, suka zuba wa azuzuwansu littattafan labari masu daɗi kimanin 250, aka keɓe lokaci kullum domin karatu. Bayan wata takwas sai aka tarar ci gaban da waɗannan yara suka samu a fahimtar karatu ya ninka na al'ada, da aka ci gaba shekara ta biyu kuma amfanin ya tsallaka har zuwa nahawu da rubutu. Tun kafin su, Michael West, wanda ya yi aikin koyarwa a Bengal, ya shirya jerin littattafan karatu masu hawa-hawa a shekarun 1920, yana shigo da sabuwar kalma kaɗan-kaɗan yana maimaita ta. Ƙamus ɗinsa ma ya yi suna a makarantun ƙasar nan, har iyayenmu da sunan mawallafin suke kiransa. Sharaɗin dai shi ne littafin karatun ya zama daidai ƙarfin yaro, ya kuma zama mai jan rai. Wanda aka miƙa masa littafin da kowane layi sai ya buɗe ƙamus sau uku, zai ajiye shi kafin la'asar, ya kuma ƙudurce a ransa cewa shi ba mai ƙwaƙwalwar Turanci ba ne.

Littattafan da suka dace ba su yi wuya ba. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass, labarai ne da suka faru a ƙasarmu, da Turanci mai sauƙi, yaro yana karantawa yana ganin jirgin ƙasa da rugar Fulani da ya sani. Akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule a cikin jerin Pacesetters, wanda matasan shekarun 1980 suka yi ta karɓa hannu da hannu, akwai The Stillborn na Zaynab Alkali da ya fito a 1984, sa'an nan a hau zuwa Things Fall Apart na Chinua Achebe. Shafin ra'ayi na jarida ma darasi ne, domin irin salonsa ne ake kawowa a auna fahimta da taƙaitawa. Matasanmu, musamman mata, ba su da ƙyuyar karatu ko kaɗan, shaida kuwa ita ce yadda suke cinye littattafan Hausa masu ɗaruruwan shafuka a cikin waya. Da za a karkatar da rubu'in wannan lokaci zuwa labarin Turanci, da an ga bambanci ranar da aka saki sakamako.

A ɓangaren auna fahimta akwai tambaya guda da ba ta fashi, ita ce inda za a ciro wani yanki daga nassi a ce wane suna ake ba shi a nahawu, mene ne kuma aikinsa a jimlar. Duk wanda ya zauna a zaure zai gane ta nan take, domin i'irabi ne aka sa masa kwat da wando. A ɗauki misali a ce an rubuta “The man who sold the goat has travelled,” aka ja layi a ƙarƙashin “who sold the goat.” Ɗalibi zai fara dubawa, shin akwai aikatau mai lokaci a cikin yankin? Akwai, ga “sold” nan, saboda haka ganga ce, ba yankin jimla kurum ba. Sa'an nan ya tambayi kansa, me take yi a nan? Tana bayyana wane mutum ake nufi, watau sifa ce ga sunan da ya gabace ta, kamar dai yadda mausuli da silarsa suke yi a Larabci. Amsa ta fito ke nan, rabi suna, rabi aiki, kuma sai an ambaci kalmar da take sifantawa kafin makin aikin ya cika. Tambayar da ke biye da ita ita ce ta musanya kalma: a ba ka kalmomi daga nassi a ce kawo waɗanda za su zauna a gurbinsu. Nan ma akwai tarko, domin ma'ana kaɗai ba ta isa ba, sai siga ta dace. Idan nassi ya ce 'yan kasuwa “abandoned” kasuwarsu, wanda ya rubuta “deserted” ya ci, wanda ya rubuta “desert” ya san ma'ana amma ya faɗi, saboda ya sauya lokaci. Maganin wannan shi ne ɗalibi ya cire tsohuwar kalmar ya dasa tasa, ya karanta jimlar a zuci ya ji ko ta zauna.

Taƙaitawa ita ce ta fi kayar da mutane, ga ta kuwa da maki 30, fiye da auna fahimta. Za a kawo dogon nassi a ce, a cikin jimla uku, ɗaya ga kowane, faɗi dalilai uku da marubuci ya kawo. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya rarrabe asalin magana daga misalai da ƙawa da maimaici, ya faɗe ta da kalmominsa, a cikin cikakkiyar jimla. Mai tsoro yakan kwafe sakin layi sukutum ya zuba, yana fatan amsar tana ciki, masu maki kuwa an umurce su da su hukunta kwafe da cushe, su rage wa wanda ya kawo guntuwar magana maras aikatau. Horon wannan ba ya bukatar kuɗi: yaro ya karanta sakin layi guda, ya kife littafin, ya faɗa wa ƙaninsa abin da aka ce da Hausa a numfashi ɗaya, sa'an nan ya rubuta shi da Turanci a jimla ɗaya. Idan ya kasa faɗinsa da Hausa, to bai gane ba tukuna, komawa zai yi.

Game da insha'i, malaman da ke zuwa makin takardu sun sha bayyana yadda ake raba hamsin ɗin nan: 10 ga ƙunshiya, 10 ga tsari, 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga tsabtar rubutu daga kuskuren nahawu da na haruffa da na alamomin tsayawa, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Ma'anarsa kuskure ashirin sun share goman nan baki ɗaya, ashirin kuwa ba wuya a cikin kalmomi 450 ga wanda yake manta babban baƙi a farkon jimla, yake barin aya, yake rubuta kalmomi a gutsure irin na saƙon waya. Gajerun jimloli sahihai sun fi dogaye masu lahani, kalmar da ɗalibi ya tabbatar da ita ta fi ƙatuwar da ya tsinto domin burgewa. Wasiƙar hukuma tana da ladubbanta na adireshi biyu da take da rufewa, wasiƙar aboki tana da nata, muhawara tana da nata gaisuwa, dukansu abin koyo ne na mako guda. Abin da ba ya koyuwa a mako guda shi ne hannu ya saba, wannan kuwa sai da rubutu a kai a kai da samun mai gyarawa. Na san malami guda yana iya riƙe aji mai yara sama da ɗari, ba zai iya bin insha'in kowa da jan biro duk mako ba. Amma ɗalibai uku ko huɗu suna iya haɗa kai su riƙa musayar takardu, su kai wa malam ko wani yayansu abin da ya gagare su, kowa kuma ya ajiye ɗan littafi na musamman inda yake rubuta kuskurensa da gyaransa, ya riƙa biya shi kamar tilawa. Tsohuwar al'adar shifta ma, wadda aka yi watsi da ita, tana gyara haruffa da alamomi fiye da yadda ake zato.

Takardar furuci, duk da sunanta, a rubuce ake yin ta, ba a buɗe baki. Hausa tana da wasula biyar, gajeru da dogaye, da tagwaye biyu. Turancin da ake jarrabawa a kansa yana da wasula 12 da tagwaye 8 da baƙaƙe 24, rubutunsa kuma ba ya bin furucinsa. Wurarenmu na rauni sanannu ne, su ne “p” da “f”, da “v” da “b”, da sautin “th”, da cunkoson baƙaƙe waɗanda harshenmu yake so ya raba da wasali, da kuma inda ake danna murya a cikin kalma. Mutanen da suka koyi fitar da haruffan Larabci daga mafitarsu a ilmin tajwidi bai kamata wannan ya gagare su ba, kuma tarihi ya nuna bai gagara ba, domin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancin bakinsa ya zama abin kwatance har a Ingila. Sauraron labaran rediyo na Turanci da duba alamomin furuci a ƙamus sun isa.

Tambayoyin shekarun baya suna da amfani, amma amfaninsu na ma'auni ne, suna nuna wa ɗalibi inda yake da rauni, suna koya masa zama da agogo. Wanda ya amsa tamanin ya duba ya ga ya ci hamsin ya rufe littafi bai ƙaru da kome ba. Ribar tana cikin talatin ɗin da ya faɗi, ya bi su ɗaya-ɗaya ya gano dalili. Wanda kuwa ya jingine kome sai saura wata guda, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya, daga nan ne zuciya take fara raya masa neman satar amsa da makarantun da ake biya a rubuta wa yara a kan allo. Ban da haramcin abin da hukuncinsa, sharrinsa yana shafar wanda bai ji ba bai gani ba: a ranar 28 ga Mayu, 2025, an jinkirta takardar Turanci ta WAEC a wurare da yawa har dare ya yi, yara suka yi rubutu da hasken tocila, hukumar kuma da ta zo ba da haƙuri ta danganta jinkirin da ƙoƙarinta na hana tambayoyi fita.

Wanda ya haye da amsar sata ma JAMB tana jiransa a gaba, ita kuwa tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, sauran darussa uku kowanne 40, a cikin na Turancin kuma har da tambayoyi a kan wani littafin labari da hukumar kan ayyana, kamar The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka fara a 2021, da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba da ya gaje shi a 2025. Idan aka raba minti 120 a kan tambayoyi 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu, a cikin wannan lokaci kuma har da karanta nassin auna fahimta a kan gilashin na'ura, har da lissafin Kimiyya ga mai Kimiyya, su ma kuwa da Turanci aka rubuta su. Ɗalibin da ya saba karatu idonsa yana ɗaukar kalmomi uku ko huɗu a kallo guda, zai gama ɓangaren Turanci ya rage wa sauran darussa lokaci. Wanda har yanzu yake bin layi kalma-kalma yana motsa leɓe, agogon da ke saman allon zai ƙare, na'urar ta rufe masa takarda da sauran tambayoyi bai ko buɗe su ba.